Shamuwa Ta Koma Fakku

Man ya fara zubowa cikin kwanon da Mannir ya tara, baƙi wuluk, da wani wari mai hawa kai. Yana kwance rigingine a ƙarƙashin motar, bayansa a kan tsohon buhun taki. Ya tsoma yatsa a cikin man ya murza, sai ya ji ɓarɓashin ƙarfe kamar yashi.

"Mi kag gani?" in ji wata murya daga rumfa.

"Ƙarfe na, Yaya. Ta cinye kanta."

"Na sani. Ci gaba."

Dikko ke nan, yayan Mannir, wanda tun da safe ya sa aka fito da katifarsa ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, aka jingina shi da matasai inda zai riƙa ganin motar. Jiya da yamma aka sallamo shi daga asibiti a Sakkwato. Likitan bai yi dogon bayani ba, ya ce hanta ta gaji, a kai shi gida a riƙa ba shi duk abin da ransa yake so. Ba wanda ya tambayi ma'anar wannan magana, don kowa ya san ta.

Abin da ran Dikko yake so kuwa guda ne. Ana idar da sallar asuba ya aika aka kira ƙanensa, ya ce a kai shi Fakku, yau ɗin nan, a cikin motarsa. A Fakku aka haife su, a can mahaifiyarsu Inna Tambaya take kwance, kuma kusa da ita yake so a sa shi. Matsalar ita ce a unguwarsu ta Tambuwal ba a yawo da gawa. Malam Siddiƙ, limaminsu, mutum ne mai sauƙin kai a komai ban da wannan. Mutum ya cika da hantsi, kafin azahar an wanke shi, an sallace shi, an kai shi makwancinsa, kuma duk unguwar a bayan liman take. Saboda haka wanda yake son ƙasar Fakku ta rufe shi, sai ya kai kansa Fakku da ransa.

Mannir ya yi ta kawo wasu dabaru. Babur dai ba zai ɗauki mutumin da ko zama ba ya iyawa ba. A-kori-kurar da ke shiga ƙauyukan Kebbe sai ranar kasuwa, kuma tun da ruwa ya zauna direbobinta suka daina wuce fadamar da ke gab da Fakku. Ya ce to bari ya zaga gari ya roƙo babbar mota wurin wani mai hali. Dikko ya dube shi da idanunsa da suka koma rawaya, ya ce shi ba buhun taki ba ne da za a jefa a bayan motar wani. Taurin kan Dikko ba sabon abu ba ne, ciwo ya cinye naman jikinsa amma bai taɓa wannan ba.

Motar baƙa ce, ƙirar Jamus, mai ja da ƙafafun baya, irin wadda aka yi don gudu a ƙasar da titinta bai san rami ba. Dikko ya shigo da ita daga Kwatano tun yana sana'ar tuƙo motocin sayarwa, ya gan ta ya ƙi rabuwa da ita. Ya ɗaga ta da 'yan ƙarafa don kada cikinta ya riƙa gogar ƙasa, ya mai da ita motar zuwa gida. Mutanen Fakku ne suka sa mata suna Shamuwa, saboda ba a ganinta sai ruwan farko ya sauka, lokacin da Dikko ke zuwa shuka. Daga kukar bakin gari yake ɗora hannu a kan hon, ba ya ɗagawa sai ƙofar gidan Inna. Ko bayan rasuwarta bai bari ba, tsofaffi na yi masa faɗa, yara na bin motar da gudu.

Tsakanin ƙafafun bayanta akwai wata tukunyar ƙarfe da makanikai ke kira dif, ita ke raba ƙarfin inji ga tayoyin biyu. A yawancin motoci, in taya ɗaya ta faɗa santsi, sai duk ƙarfin ya tafi gare ta, ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta na tsaye a kan busasshiyar ƙasa tana kallo. Ta Shamuwa ba haka aka yi ta ba. A cikinta akwai siraran farantan ƙarfe a jere masu damƙe juna, in ɗaya ta zame sai su tilasta wa ɗayar ta ja. Da su Dikko ya yi shekaru yana ratsa fadamar Fakku yana dariya. Amma bara farantan suka gama cinyewa, Shamuwa ta kafe a tsakiyar laka, sai da aka ɗauro shanun noma suka jawo ta a gaban yaran gari. Dikko bai ci abinci ba ranar. Ya yi odar sababbin farantai daga Legas, ya jiƙa su da man giya a cikin gwangwanin madara, ya ce kada wanda ya taɓa, shi da Mannir za su yi aikin tare. Sai ciwo ya riga shi.

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da Mannir ya kwance sandunan aksil masu kai juyi ga tayoyi, ya tallafi tukunyar da jak, ya sauko da ita a hankali. Ya jawo ta har gaban katifar yayansa, ya shimfiɗa kwali, ya buɗe murfin. Yana cikin haka sai ga Ɗangiwa mai walda, maƙwabcin garejinsu, ya zo duba mara lafiya. Ya gaishe da Dikko, ya yi addu'a, sannan ya tsaya yana kallon kayan cikin mota a baje kamar an yanka rago.

"Mannir, mi kaka yi haka?" ya ce. "Mutum na son tafiya yau, kai ko ka zauna kana lissafin farantai? Kawo ta nan in haɗe haƙoranta da wuta. Kafin ka sha shayi na gama. Ƙafafun su zan guda, ba lakar da ka riƙe ta."

Gaskiya ce ya faɗa, kuma Mannir ya sani. Haka samarin gari ke yi wa motocin da suke wasa da su ranar biki, a liƙe dif ɗin da walda, tayoyin baya su riƙa juyawa tare ko ana so ko ba a so. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi ƙirjin yayansa da ke hawa da sauka da kyar. Hanyar Fakku ba a bin ta in rana ta faɗi, shekarun nan kowa ya san dalili.

"Yaya," ya ce a hankali, "ko mu yi hakanan? In mun komo sai in sake ta."

"In kun komo dai," in ji Dikko. Ya huta, sannan ya juya ga mai walda. "Ɗangiwa, kak ka kusanto min mota da wutar ga taka. Mota mai walda ko wace kwana sai ta yi tsalle awa akuya. Jikin ga nawa ba shi ɗaukar girgiza. Kuma yaron da kay yi ma ita da Sallah, ba ga kwanar kasuwa aksil nai yak karye ba?"

"Shi ai ganganci yay yi."

"To ni ba ni shiga garin uwata da motar 'yan wasan biki."

Ɗangiwa ya yi dariya ba don ransa ya so ba, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya tafi yana girgiza kai. Mannir bai yi dariya ba. Haushin yayansa yake ji, kuma yana jin kunyar haushin.

Ya ɗauki ƙusa da guduma ya yi wa maƙallan boris da ke riƙe kayan cikin tukunyar alama, ɗigo ɗaya a hagu, biyu a dama, don kada su sauya wuri. Dikko ne ya koya masa wannan, kamar yadda ya koya masa komai. Mahaifinsu ya rasu Mannir yana ƙarami, Dikko ya ɗauko shi daga Fakku ya sa masa sufana a hannu, ya yi masa aure, ya buɗe masa gareji. Bai taɓa ce masa sannu da aiki ba. In aiki ya yi kyau sai ya yi shiru, in bai yi ba kuwa unguwa duka sai ta ji.

Da ya buɗe cikin, tsofaffin farantan suka zubo a kan kwali. Sun suɗe sumul, har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Ya miƙa wa Dikko guda, ya shafa da babban yatsa, ya ajiye a gefen matashinsa. Mannir ya wanke komai da kananzir, ya goge da tsohuwar riga, sannan ya buɗe gwangwanin madarar. Sababbin farantan na kwance a cikin mai tun watannin da suka wuce, sun sha sun ƙoshi. Ya fara jera su, mai haƙora a waje, mai haƙora a ciki, mai haƙora a waje, sannan wani faifan ƙarfe mai ɗan lanƙwasa kamar murfin kwano, wanda shi ke danne su duka.

A nan Mu'minatu, matar Dikko, ta fito da kunu a kofi. Tsakaninta da Mannir akwai wasan matar wa da ƙanen miji, shekara da shekaru ba su haɗu ba tare da an yi tsiya ba, ita tana kiransa Baƙin Mai, shi yana cewa tuwonta na toshe salansar mota. Yau gaisuwa kawai suka yi. Ta durƙusa ta tallafi kan mijinta, ya kurɓa sau biyu ya kawar da fuska. Ta riga ta haɗa kaya tun safe, kuma Mannir ya ga farin yadi a naɗe a ƙasan jakar lokacin da take sa ta a but ɗin motar. Ya yi kamar bai gani ba.

"Mu'minatu," in ji Dikko, "ina abin ga?"

Ta gane. Ta shiga ciki ta fito da jan-baki, ta miƙa wa Mannir. In an mayar da babban gargaren haƙora wurinsa, dole a ga yadda yake cizon ƙaramin da ke juya shi, kuma akwai fentin da ake shafawa don haka, amma ba a sayar da shi a Tambuwal. Tun tana amarya Dikko ke sace mata jan-baki yana shafa wa haƙoran mota, ta yi faɗa har ta gaji.

"Wanga na na ƙarshe da nika da shi," ta ce. "Duk kwalliyata cikin motar ga taƙ ƙare."

"Ke ko ba kwalliya kin fi ta," in ji Dikko.

"Yau kuma? Shekara nawa nika jiran wagga magana."

Ta yi murmushi, ta juya da sauri ta koma cikin gida. Mannir ya shafa jan-bakin a haƙora, ya juya gargaren gaba da baya, ya duba. Sawun ya fito a tsakiyar kowane haƙori, daidai inda ake so. Ya nuna wa yayansa, Dikko ya yi shiru. Ana kiran azahar ya ɗaure noti na ƙarshe, ya je ya yi sallah da sauri, ya dawo zai ɗora tukunyar a kan jak.

"Dakata," in ji Dikko. "Riƙe wancan gefe. Matso min da wanga."

Mannir ya riƙe kan aksil na hagu da hannu biyu. Dikko ya miƙo hannunsa, wanda ya zama fata da ƙashi, ya kama na dama ya murɗa. Ƙarfen ya juya. Ba da sauƙi sosai ba, amma ya juya.

"Buɗe."

"Yaya, sababbi na, in sun yi zafi za su kama."

"Faifan kaj juya ma baya. Ba shi danne komi. Buɗe."

A nan haƙurin Mannir ya ƙare. Ya jefar da tsumman hannunsa ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba a gaban yayansa.

"Rana na tafiya! Kai kac ce Fakku kaka so, ga shi ka zauna kana gardama kan faifai! Ni ba don mota nika wanga aiki ba, Yaya. Tsoro nika ji. Tsoro nika ji ka cika nan ga katifar ga ina riƙe da sufana."

Dikko ya bar shi ya gama. Numfashinsa ya daɗe kafin ya taru ya zama magana.

"Hannun mai ciwo ya juya ta, Mannir. Lakar fadama fa? In munka kafe can tsakiya, ba ni Tambuwal, ba ni Fakku. Ga mace tare da mu, ga dare." Ya rufe ido. "Ni ma tsoron nika ji. Buɗe."

Mannir ya durƙusa ya buɗe. Da ya zaro jerin farantan sai ga faifan, bakinsa na kallon inda bayansa ya kamata ya kalla. Garaje ne ya ja masa, da kallon rana da ya riƙa yi. Ya juya shi, ya sake jerawa, ya sake ɗaurewa, ya sake shafa ragowar jan-bakin don ya tabbata bai gusar da komai ba. Inuwar rumfa ta tashi daga ƙafafun Dikko ta koma bango kafin ya gama. Wannan karon da Dikko ya kama ƙarfen bai ko motsa ba, Mannir ma sai da ya sa doguwar sufana ya danna da ƙarfi kafin ya ji ya ɗan ba da kai.

Ya mayar da tukunyar, ya haɗa sanduna, ya ɗura sabon mai har ya fara tsiyayowa ta bakin ramin. Kafin ya sauke motar daga kan duwatsun da ya tokare ta da su, ya juya tayar hagu da hannu. Ta dama ta bi ta, gefe guda, kamar an ɗaure su da igiya.

"To," in ji Dikko. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Maƙwabta suka taimaka aka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a kan cinyar Mu'minatu. Malam Siddiƙ ya fito daga masallaci ya leƙo ta taga, ya riƙe hannun Dikko ya yi masa addu'a mai tsawo, suka yafi juna. Mannir ya tayar da inji. Watanni tana ajiye, amma da ta yi tari sau ɗaya sai ta ɗauka da gurnaninta na da, har yaran unguwa suka fito.

A kan kwalta ya bi ta a hankali, yana kauce wa ramuka, yana saurare. Kukan da take yi a baya tun bara ya ɓace. A kwanar fita gari ta juya lafiya lau, ba tsalle ba girgiza. Gero ya kai ƙugu a gonakin hagu da dama, ko'ina kore shar, ga hadari can gabas yana haɗuwa.

"Ka ji ta?" in ji Dikko daga baya, muryarsa can ƙasa.

"Na ji ta, Yaya."

"Sa mata giya ta ukku. Kana shaƙe ta."

Mannir ya sa. Ya ƙara totur kaɗan, don ya san abin da yayansa ke son ji ke nan. Ya ji Mu'minatu tana karanta masa kalmar shahada a hankali, Dikko yana bi, wani wuri ya bi, wani wuri ya yi shiru. Daga baya sai muryarta kaɗai. Daga baya kuma ita ma ta yi shiru, sai ƙarar taya da ta inji.

Suna shiga Kebbe ana kiran la'asar. Mutane na alwala a bakin masallacin tasha, masu babura sun jingine baburansu, mai tsire yana hura wuta. Mannir ya rage gudu, ya ɗaga ido ya dubi madubi. Mu'minatu ta cire ɗankwalinta daga ƙarƙashin hijabi, ta zagaya shi ta ƙarƙashin haɓar mijinta ta ɗaure a ka. Tafin hannunta na kan idanunsa. Hawaye na bin fuskarta, amma bakinta a rufe yake gam.

Ƙafar Mannir ta sauka a kan birki da kanta. Ya ji kamar an zare masa wani abu daga tsakiyar ƙirji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya faɗa a zuci, don bai yarda da muryarsa ba. Sai lissafi ya zo masa ba tare da ya gayyace shi ba: da ba don lokacin da faifan nan ya ci ba, da yanzu suna ƙofar gidan Inna.

Wani dattijo mai buta a hannu ya gane motar, ya ɗaga hannu, ya fara tahowa. Mannir ya san mutanen Kebbe. In ya tsaya, in aka leƙa tagar nan, nan da nan za a kewaye su da salati. Wani zai kawo ruwa, wani zai kawo makara, wani ya tafi haƙa, kafin magariba sun yi wa Dikko duk abin da ake yi wa Musulmi, da hannu bibbiyu, ba tare da sun karɓi ko godiya ba. Mutanen kirki ne, kuma ba zai iya buɗe baki ya ce musu a'a ba.

Idonsa ya haɗu da na Mu'minatu a cikin madubi.

"Yaya Mu'minatu," ya ce, "mu tsaya mu yi sallah?"

"Mu yi ta Fakku," ta ce. "Da sauran rana. Wuce, Mannir."

Ya ɗaga wa dattijon hannu ta gilashi, irin gaisuwar mai sauri, ya sa giya.

Bayan Kebbe kwalta ta ƙare. Hanya ta zama jar ƙasa da kwazazzabai da ruwa ya yanka, yana bi yana lallaɓawa, ko da yake wanda ake lallaɓawa dominsa ba ya jin girgiza yanzu. Bai iya dainawa ba. Iska ta fara kaɗa gero, ɗigon ruwa ɗaya-ɗaya na faɗowa a gilashi. Ba su haɗu da kowa ba sai wani Bafulatani da ke kora shanunsa gida da wuri.

Sai ga fadamar. Ta fi bara faɗi. Laka ce baƙa mai sheƙi daga wannan gaɓa zuwa waccan, sawun babura ya bi ta gefen dama inda ƙasa ta ɗan yi tauri, siririn wuri da bai fi faɗin taya ɗaya ba. Mannir ya tsaya ya dube ta. Babu shanun noma a kusa, babu kowa, rana kuma ta yi ja. Ya tuna yadda Dikko ke yi: giya ta biyu, ƙafa a tsaye a kan totur, kada a ƙara kada a rage, tayar dama a kan tauri, ta hagu a bar wa Allah.

Ya yi bismillah ya shiga. Gaban motar ya nutse ya taso. Laka ta fara dukan cikinta, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannunsa. A tsakiya, daidai inda ta kafe bara, tayar hagu ta faɗa rami, bayan motar ya zame gefe, inji ya yi kuka. Mannir ya ji tayar tana juyawa a banza. Bai ɗaga ƙafa ba. Sai ya ji wani abu can ƙarƙashin bayan motar ya damƙe, tayar dama ta ciji ƙasa, Shamuwa ta yi nishi ta ja jikinta gaba, taku ɗaya, taku biyu, laka na tashi sama ta gefe biyu, har ƙafafun gaba suka hau tudu.

"Ta kama, Yaya!" ya ce da ƙarfi, ya juyo. "Ka ji ta? Duka biyun sun..."

Bai ƙarasa ba. Mu'minatu ta ja gefen hijabinta ta lulluɓe fuskar da ke kan cinyarta. Mannir ya juya ya kama sitiyari, ya kifa goshinsa a kai, kukan da ya riƙe tun Kebbe ya ƙwace masa. Ta bar shi ya yi mai isarsa.

"Da anka bar faifan yadda kas sa shi," ta ce daga baya, "da muna can ciki."

Ya share fuska da hannun riga, ya sa giya ta ɗaya.

Rumbunan Fakku suka bayyana, sannan hasumiyar masallaci, sannan kukar bakin gari. Tsofaffi na zaune a gindinta a kan tabarma suna jiran magariba. Yara ne suka fara hango ta, baƙa, laka har rufi, suka watsar da wasansu suka sheƙo da gudu.

"Shamuwa! Shamuwa ta zaka!"

Hannun Mannir ya tafi kan hon, ya tsaya a kai. Bai danna ba. Motar ta wuce gindin kukar a hankali, shiru, ba abin da ake ji sai laka da ke faɗowa daga tayoyinta. Yaran suka rage gudu, suna duban juna. Tsofaffin suka bi ta da kallo, suna jiran ƙarar da suka yi shekaru suna yi wa faɗa. Da ba ta zo ba, sai babbansu ya dafa sandarsa ya miƙe, sauran ma suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suka bi bayan motar zuwa ƙofar gidan Inna.